Naman Kaza na Daji a Ƙasar Karaye da Rogo: Na Ci da Mai Guba

Naman kaza, wanda yara suka fi sani da laimar kwaɗi, tsiron damina ne da ke ɓullowa dare ɗaya ya ruɓe cikin kwana biyu ko uku. A ƙasar Karaye da Rogo, a yammacin Jihar Kano, ana fara ganinsa bayan ruwa ya zauna, ya yawaita cikin markar Agusta, ya ja baya idan kaka ta kawo kai. A Ruwan Bago da maƙwabtanta irin su Zarewa da Fulatan da Gwangwan, wuraren fitarsa ba ɓoyayyu ba ne: gindin suri, juji, tsohon turken shanu, kututturen mangwaro ko ɗorawa da ya soma ruɓewa, tarin tukar rake a inda aka yi mazarƙwaila, da gefen fadama mai ciyawa. Yankin yana iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, ya kuma fi arewacin Kano samun ruwan sama, saboda haka abin da ke fitowa a nan ya fi na wajen Ɗambatta ko Kazaure yawa da iri-iri.

Wahalar tantance shi daga suna take farawa. Bahaushe yana da suna daban ga kaura da farafara duk da cewa dukkansu dawa ne, domin ya san bambancinsu a tuwo da kunu. Naman kaza kuwa, tun da yawancin gidaje ba sa sa shi a tukunya, an haɗa gomman iri a ƙarƙashin suna ɗaya ko biyu. Yarbawa suna kiran jinsin duka olu, Inyamurai na cewa ero, amma kowane irin da suke ci yana da nasa sunan a bakinsu, kamar yadda masanin tsirrai B. A. Oso ya tattara na Yarbawa a 1975. Inda suna ɗaya ya rufe na ci da mai guba, mutum na iya jin an ce naman kaza abinci ne, maganar kuma gaskiya ce, ya je ya tsinko wanda zai kwantar da gidansa duka.

Masu cinsa a wannan yanki ba su da yawa, amma akwai su. Akwai gidajen ƙauye da suka gaji sanin iri ɗaya ko biyu daga tsofaffi, akwai baƙi daga kudu da tsakiyar Nijeriya, malaman makaranta da 'yan bautar ƙasa, waɗanda a garuruwansu miya ce mai daraja. A 'yan shekarun nan an ƙaru da matasan da ke ganin bidiyo a waya ana yabon amfaninsa ga jiki. Sannan ga ƙananan yara masu rarrafe a tsakar gida, waɗanda kome suka gani sai baki.

Abin da ido ke gani a sama ɗan tsiron ne kawai, kamar ɗan itace a jikin reshe. Ainihin jikin wani farin zare ne siriri da ke yaɗuwa cikin ƙasa ko ruɓaɓɓen itace ko kashin dabba, yana nan shekara da shekaru, sai damshi da ɗumi sun yi daidai ya turo laima. Ba ya da ganye, ba ya buƙatar rana. Danginsa su ne funfunar da ke kama tuwon da ya kwana biyu, da yis na burodi, da burtuntunar da ke maida zangarniyar dawa baƙin gari. Irinsa ƙura ce mai laushi ƙwarai da ke zubowa daga ƙarƙashin laima iska ta kwashe. Daga wannan bayani abu biyu ke fitowa da mai tantancewa ke buƙata. Na farko, kowane iri yana da abin da yake rayuwa a kansa, don haka wurin da aka same shi shaida ne. Na biyu, launin ƙurar irin ba ya sauyawa da ruwa ko rana kamar yadda launin laima ke yi, shi ya sa masana suka fi dogara da shi.

Wanda zai duba naman kaza ba ya fizge shi. Yana haƙa gindinsa da wuƙa ko ƙaramar fartanya ya ɗago shi ɗungurungum, saboda alamar da ta fi kowace muhimmanci sau da yawa tana binne a ƙasa. Daga nan ya dubi laimar: santsi gare ta ko ɓawo-ɓawo, tsakiyarta tsini ne ko a shafe take. Ya kifa ta ya dubi haƙarƙarin da ke jere a ƙarƙashi kamar shafukan littafi, ya lura da launinsu da ko sun manne da kara ko sun tsaya kafin su kai gare shi. Ya dubi karan ko yana da zobe a wuya, ya dubi gindin ko yana zaune cikin wata jaka mai kama da kwanson ƙwai. Ya tsaga shi biyu a tsaye ya ga ko naman zai sauya launi ko ya fid da ruwa kamar madara, ya kuma shinshina. Gwajin ƙarshe shi ne na ƙura: a yanke laimar daga kara, a kifa ta a kan takarda, rabi fara rabi mai duhu, a rufe da kofi ko kwano, a bari ta kwana. Da safe za a tarar da zanen haƙarƙarin a kan takardar, fari ko ja-ja ko ruwan ƙasa ko baƙi ko kore. Laimar da ba ta gama buɗewa ba takan ƙi zubar da komai, kuma takardar da ta tashi babu zane ba ta wanke kowa ba.

Mafi daraja a duk abin da ake ci a ƙasashen savana na Afirka shi ne naman kazan suri. Garar da ke gina suri manomiya ce. Takan kwaso itace da kara da busasshiyar ciyawa, ta tauna, ta gina wata saƙa mai ramuka kamar ta zuma a ɗakunan cikin gidanta, ta shuka zaren wani naman kaza a kai. Zaren yana narkar da abin da cikin gara ba zai iya narkarwa ba, ita kuma ta ci saƙar da ta nuna. Idan damina ta yi nisa, zaren ya turo kai ya huda ƙasa ya fito. Masanin Faransa Roger Heim ya raɗa wa wannan zuriya suna Termitomyces a 1942. A cikinta ne ake da naman kaza na ci mafi girma a duniya, wanda aka siffanta daga Zambiya a 1980, laimarsa takan kai kusan mita ɗaya, ta fi babban faifai nesa ba kusa ba. Yawancin na Afirka ta Yamma ba su kai haka ba, daga faɗin tafin hannu zuwa na faranti. Har yau ba a kai ga noma su don kasuwa ba, domin ba sa yarda su yi 'ya'ya sai da gara.

Rayuwarsa da gara ita ta ba shi alamominsa. A tsakiyar laimar yawancinsu akwai wani tsini mai tauri, wanda da shi ne ya huda ƙasa. Karan ba ya ƙarewa a fuskar ƙasa: yana zarcewa ya zama doguwar saiwa mai sirancewa, wani lokaci ta wuce kamu guda, har ta isa saƙar gara. Haƙarƙarin farare ne da ke komawa ja-ja kaɗan idan ya manyanta, ba su manne da kara ba, ƙurar kuma ja-ja ce mai haske. Ba shi da jaka a gindi. Naman fari ne mai ƙarfi, ba ya saurin farfashewa. Akwai ƙaraminsu da ke fitowa ɗaruruwa a wuri ɗaya, kowanne bai fi kwabo faɗi ba, a kan saƙar da gara ta fitar waje. Shi ba shi da doguwar saiwa, kuma ƙanƙantarsa ta sa ya fi sauƙin rikicewa da wasu, don haka ba na ɗan koyo ba ne.

Kuskuren da aka fi yi game da shi shi ne ɗaukar suri a matsayin hujja. Suri ƙasa ce mai taki, kowane irin tsiro na iya fitowa a jikinsa ko a inuwarsa. A ɗaya gefen kuma, wasu nau'in gara ba sa gina suri ko kaɗan, gidansu na ƙarƙashin ƙasa ne, sai a ga naman kazansu a tsakiyar kunyar masara ba tare da wani tudu a kusa ba. Ja-jar ƙura ita kaɗai ma ba ta isa ba, domin akwai zuriyar Entoloma mai ƙura ja-ja wadda da yawa daga cikinta ke da guba. Nata haƙarƙarin sun manne da kara, ba ta kuma da saiwar da ke kaiwa gidan gara. Sai tsini da saiwa da haƙarƙari da ƙura sun yi baki ɗaya ake cewa an gane shi. Idan ɗaya ya saɓa, a bar shi inda yake.

Babban mai yaudara a ƙasashe masu zafi shi ne Chlorophyllum molybdites, wanda za a iya kira mai koren haƙarƙari. Duk wanda ya ratsa filin makaranta ko makiyaya bayan kwana biyu ana ruwa ya taɓa ganinsa: manyan fararen laimomi masu ɗigo-ɗigon ɓawo ruwan ƙasa, a jere cikin da'ira ko rabin da'ira a kan ciyawa, wasu har faɗinsu ya kai santimita 30. Kyansa ne haɗarinsa. Ya fi kowane naman kaza kama da abinci, ga girma, ga tsabta, ga ƙanshi marar laifi. Yana da zobe mai kauri a wuya, gindinsa ɗan dunƙule ne da ke tsayawa a fuskar ƙasa, ba shi da saiwa. Yana ƙarami haƙarƙarinsa farare fat ne, sai ya manyanta suke komawa toka-toka mai kore, ƙurarsa kuma kore ce kamar busasshen ganyen kuka. Wannan koren ya raba shi da kusan dukkan sauran, amma mai tsinka yakan zaɓi sabbin fitowa, waɗanda ba su nuna koren ba tukuna. A Amurka, inda ake ajiye lissafin masu shan guba, shi ne naman kazan da aka fi kai mutane asibiti saboda shi. Awa ɗaya zuwa uku bayan ci sai amai da gudawa mai tsanani, wani lokaci har da jini. Babba mai lafiya yakan tashi bayan kwana ɗaya ko biyu, amma ƙaramin yaro ko tsoho na iya rasa ruwan jiki har abin ya kai ga rai.

Yana da ɗan'uwa na ci, Macrolepiota, dogo mai zane-zane a kara kamar fatar maciji, mai farar ƙura. Kamannin nan ne ke jawo masu ɗan sani. Ƙananan dangin wannan gida kuwa, wato zuriyar Lepiota, waɗanda laimarsu ba ta wuce bakin kofin shayi ba, a cikinsu akwai masu gubar da ke kashe hanta. Shi ya sa ƙa'idar masu tsinka a ko'ina ita ce duk ƙaramar laima mai ɓawo-ɓawo da zobe da fararen haƙarƙari ba a taɓa ta.

Sai masu jaka a gindi, kuma a nan ne kuskure ya fi tsada. A kan tukar rake da karan shinkafa da suka jiƙe suka ɗau zafi, wani iri ke fitowa mai suna Volvariella volvacea, wanda ake nomawa a Sin da kudu maso gabashin Asiya, ana kuma cinsa a kudancin Nijeriya inda yake fitowa a ruɓaɓɓen kututturen kwakwar manja. Yana farawa kamar ƙwai, ya fasa kwanson ya miƙe, kwanson ya zauna a gindi kamar jaka. Ba shi da zobe, haƙarƙarinsa na komawa ja-ja, ƙurarsa ma haka. Zuriyar Amanita ita ma da ƙwai take farawa, ita ma da jaka, amma yawancinta na da zobe, haƙarƙari da ƙura kuwa farare ne har tsufa. A matakin ƙwai, lokacin da masu cin Volvariella suka fi sonsa, babu zoben da ya bayyana, babu ƙurar da za a gwada, ido ba ya raba su.

A cikin Amanita ne ake da mafi kisa a duniya, Amanita phalloides, wanda rabin laimarsa ya isa ya kashe babban mutum. Asalinsa na Turai ne, yana rayuwa a saiwar itatuwan ƙasashen sanyi, ya kuma bi dashen itatuwa zuwa Afirka ta Kudu da Ostareliya da Amurka. Tarihin waɗanda ya kashe yana da darasi ga kowane yanki, domin da yawansu ba jahilai ba ne, masu sani ne da suka bar gida. A farkon 2012 mutum biyu 'yan asalin Sin suka rasu a Kanbera, babban birnin Ostareliya, bayan sun ci shi a liyafar sabuwar shekara. A 2015 asibitocin Jamus suka karɓi 'yan gudun hijirar Siriya da dama da suka tsinko shi a zaton irin na ƙasarsu ne. A 2021 yara biyu 'yan Afganistan, wa da ƙane, suka rasu a Poland kwanaki kaɗan da isarsu. Sanin naman kaza na wuri ne, ba ya bin mutum a jaka. Baƙon da ya zo Rogo daga Binuwai ko Ekiti, da ɗan Ruwan Bago da ya je ci-rani kudu, duk hukuncinsu ɗaya: sai sun sake koyo daga 'yan gari.

Dangin Amanita na Afirka suna zaune ne a dajin doka da kawo, domin zarensu na haɗe da saiwar waɗannan itatuwa. Irin wannan daji ya fi yawa daga wajen Zariya zuwa kudu da kuma dajin Falgore a kudancin Kano. A gonakin Karaye da Rogo noma ya cinye mafi yawansa, sai ragowa. A irin wannan dajin ne ake samun masu launi, ja da rawaya da ruwan goro, da masu fid da madara idan an yanka. Da yawansu na ci ne. A arewacin Jamhuriyar Benin, mai daji irin wannan, har wasu Amanita ake ci, kuma masana De Kesel da Codjia da Yorou sun wallafa littafin jagora a kan naman kaza na ci na ƙasar a 2002, wanda ke cikin mafi amfani ga savanar Afirka ta Yamma. Duk da haka, ga wanda bai tashi cikin cinsu ba, farin haƙarƙari da zobe da jaka idan suka haɗu a tsiro ɗaya magana ta ƙare.

Na jikin itace sun fi sauƙin sha'ani. Akwai fari mai kama da mazurari, mai tauri idan ya tsufa, da ke fitowa tari-tari a kututture, ana cinsa a kudu. Akwai mai kama da kunne, mai laushi kamar guringuntsi. Akwai Ganoderma, ja mai ƙyalli mai taurin katako, wanda ba a taunawa, masu magani ne ke nemansa. Amma a jikin itace ɗin ne kuma ake samun ƙananan ruwan ƙasa na zuriyar Galerina, masu gubar hanta iri ɗaya da ta Amanita. Waɗanda ke fitowa a kashin shanu, sirara masu baƙar ƙura, wasunsu na juya hankali, mutum ya riƙa ganin abin da babu, yaro ya ci a ɗauka iska ce ta taɓa shi.

Hausa ta ware suna ga 'yan kaɗan, waɗanda aka samu amfani da su. Tumukun suri, mai kama da sanda da dunƙulen kai, yana busar da kansa a tsaye cike da baƙar ƙura, an san shi a kayan masu maganin gargajiya. Katala wani dunƙule ne mai tauri da ke girma a ruɓaɓɓen itace cikin ƙasa, a kudu ana niƙa shi a haɗa da agushi. Akwai kuma ruɗanin da ya kamata a warware. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da kam'a da amfanin ruwanta ga ido yana magana ne kan wani dunƙule mai kama da dankali da ke girma a ƙarƙashin yashi a Sahara da ƙasar Larabawa bayan ruwan sama, ba shi da laima ba shi da kara. Fassara kam'a da naman kaza kai tsaye na iya sa wani ya matse laimar juji a idonsa, ko ya ɗauka duk wata laima an yi mata shaida. Ƙa'idar malamai a nan sananniya ce: tsiro halal ne sai wanda ke cutarwa ko gusar da hankali.

Gwaje-gwajen da ake yaɗawa a baki, a nan da sauran duniya, babu ko ɗaya da ke tsayawa. Cewa cokalin azurfa ko albasa na baƙi idan an dafa su da mai guba ba gaskiya ba ne. Cewa abin da ƙwari ko dodon koɗi suka ci ba ya cutar da mutum ya saɓa wa abin da aka gani, domin tsutsa na rayuwa lafiya lau a cikin mafi kisa. Ɗaci ba ma'auni ba ne: waɗanda suka tsira daga Amanita phalloides sukan ce miyar ta yi daɗi. Fari ba alamar tsabta ba ne, ja ba alamar guba ba ne. Tafasawa da soyawa da shanyawa da jiƙawa da kanwa ko gishiri ba sa karya gubar hanta. Jefa wa kaza ko kare a jira a gani ya fi duka muni, saboda jikin dabba daban ne, kuma gubar da ta fi kisa ba ta nuna kanta sai an daɗe da cin tuwo an wanke kwano. Manhajojin waya masu gane tsiro daga hoto su ne sabon salon wannan ruɗu. Hotunan da aka koyar da su yawanci na Turai da Amurka ne, hoto kuma ba ya nuna saiwa ko ƙura ko wari. Wani gwaji da aka yi a Ostareliya aka buga a 2023 ya samu cewa wadda ta fi iyawa cikin manhajoji uku kusan rabi kawai take ganewa daidai.

Ko irin da aka tabbatar na ci ne yana da sharuɗɗa. Gonakin yankin yanzu ana musu feshin maganin ciyawa, suri kuma ana zuba masa maganin gara, naman kazan da ya fito a wurin ya ɗauko rabonsa. Wanda ya tsufa ya yi yauƙi ko wari ya lalace kamar yadda nama ke lalacewa, leda kuma cikin zafi tana ruɓar da shi kafin a isa gida, shi ya sa kwando ko ƙwarya suka fi. Ba a haɗa iri biyu a mazubi ɗaya, ba a cin ɗanye. Wanda zai ci karon farko ya ci kaɗan, a dafe sosai, ya ajiye guda ɗanye a gefe, kada a ba yara da masu ciki.

Idan an riga an ci kuma ciwo ya taso, abin da likita zai fara tambaya shi ne tazarar da ke tsakanin ci da fara ciwo. A nan hankali yakan juya: wanda ya fara amai da wuri yawanci shi ne mai sauƙi. Amai da gudawa cikin awa uku sun fi nuna gubar hanji irin ta mai koren haƙarƙari. Gumi da dalalar miyau da hawaye da ƙanƙancewar ƙwayar ido cikin awa biyu na nuna wata guba daban, wadda asibiti ke da allurar karya ta. Ciwon da ya jinkirta awa 6 zuwa 24 kuwa shi ne abin tsoro, domin alamar gubar hanta ce, wadda ke da alhakin kusan kashi 90 cikin 100 na mutuwar da naman kaza ke jawowa a duniya. Tafiyarta a matakai take. Bayan shirun farko sai amai da gudawa kamar ruwa na kwana ɗaya ko biyu. Sai mutum ya ji sauƙi, ya tashi, har ya nemi abinci, 'yan'uwa su yi hamdala. A daidai lokacin nan gubar tana hana ƙwayoyin hanta sabunta kansu. Kwana na uku zuwa na biyar ido ya yi rawaya, jini ya ƙi daskarewa, hankali ya gushe, ƙoda ma takan tsaya. Idan an ci iri biyu a tukunya ɗaya, amai da wuri ba ya kore wannan.

Lokacin fitowar naman kaza shi ne kuma lokacin kwalara da zazzaɓin cizon sauro a ƙasar Kano, wannan na ƙara rikita lamarin. Gida guda da ya kwanta da amai da gudawa a Agusta kowa kwalara zai ce, rawayar ido kuma a ce shawara ce a nufi mai sassaƙe. Ma'aikacin lafiya ba zai yi tunanin naman kaza ba sai an gaya masa. Saboda haka duk wanda ya ci daga tukunyar a kai shi asibiti, har wanda bai fara jin komai ba, a tafi da ragowar ɗanyen ko ɓawon da aka fere ko miyar, a nannaɗe cikin takarda. Manja da nono da ake ɗura wa mai shan guba ba sa taɓa wannan, tura yatsa a maƙogwaro kuma na iya sa amai ya faɗa huhu. Ruwan gishiri da sukari yana taimakawa a hanya. A babban asibitin Rogo ko na Karaye za a iya fara ƙarin ruwa, wanda shi ne ginshiƙin jiyyar, amma ciwon da ya jinkirta yana buƙatar wurin da ake auna aikin hanta da ƙoda da daskarewar jini kullum, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. A can ana amfani da garin gawayi na asibiti don tsotse gubar daga hanji, da magungunan kare hanta, kuma amfaninsu yana raguwa da kowace awa. Jin sauƙi a rana ta biyu ba dalilin sallama ba ne, sai gwajin jini ya nuna hanta ta tsira.

Wanda ke son naman kaza a miya ba tare da wannan caca ba yana da hanyar nomawa. Irin Pleurotus, mai kama da kawa, yana girma a kan garin katako da karan shinkafa da tukar rake da totuwar masara, abubuwan da ake ƙonawa a banza a Rogo bayan girbi. Ana jiƙa su, a turara a ganga don kashe funfuna, a cusa a leda tare da irin da aka saya daga ɗakin gwaji, a ajiye a ɗaki mai duhu da sanyi. Cikin mako uku zuwa biyar farin zare ya mamaye ledar, a huda ta, a riƙa yayyafa ruwa, 'ya'yan su fito, a girba sau biyu ko uku daga leda guda. Cibiyar binciken masana'antu ta tarayya da ke Oshodi a Legas ta daɗe tana koyar da wannan sana'a. A ƙasar Kano abokan gabarta biyu ne, zafin bazara da bushewar hunturu, don haka ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa da jiƙaƙƙun buhuna a bango ya fi na kwano dacewa, watannin damina kuma su ne mafi sauƙin farawa.